Gaba Nawa Ne Zuwa Wata?

Zuwa ga Kawuna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Inna da mutanen layin shago baki ɗaya. Ni lafiyata lau, sai ɗan mura da na yi makon jiya, shi ma ya wuce. Yaya ƙafar Inna? Ka ce mata ta rage zama kan keken ɗinkin nan, ɗinkin duniya ba ya ƙarewa.

Na zaɓi takarda ne domin a waya sai ka yi ta ce mini "to, to" alhali ba ka ji rabin abin da na faɗa ba. Na san kuma za ka ce Tsinke ba ta rubutu sai da bukata. Gaskiyarka, yau ma da bukata na zo.

Ka san wurin aikina, gidan nan da rufinsa yake kamar ƙwarya a kife, inda muke kashe fitila mu haska taurari a sama don 'yan makaranta su kalla. Matsalata ita ce lissafi ba ya shiga kansu. In na ce musu daga nan zuwa wata kilomita dubu ɗari uku da tamanin da huɗu ne, sai su yi mini zuru, wani ya yi hamma, wani ya tambayi inda bayi yake. Shi ne na roƙi shugabar sashenmu ta ba ni bangon da ke kan hanyar shiga, in mai da nisan sama zuwa awon da mutum yake yawo da shi a jikinsa. Ta yarda. Na riga na yi na taku, ya kama taku miliyan ɗari biyar da 'yan kai zuwa wata. Na yi na kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa kamar yadda Inna take auna yadi, ya haura miliyan ɗari takwas da hamsin.

Saura gaba, kuma ita ce uwar tafiya. Ba na son gabar littafi, ta mutum nake so, kuma tun da nake ban taɓa ganin wanda in ya buɗe hannayensa biyu yake cika ƙofar shago irinka ba. Don Allah ka yanko mini igiya gaba ɗaya cif, daga kan yatsa zuwa kan yatsa, ban da ɗan gyaran da kake yi wa masu ciniki. Ka ƙona bakinta da ashana kada ta warware a hanya. Zan kafa ta a bango, yara su riƙa buɗe hannu suna gwada tsawonsu da naka, a ƙasa kuma a rubuta yawan irinta da za a jera kafin a taɓo wata.

Ka ga ke nan kai ma za ka shiga boko da tsufanka.

'Yarka,
Tsinke

*

Zuwa ga 'yata Tsinke,

Bayan gaisuwa da sa albarka, takardarki ta iso, mun gode Allah da muran ya wuce. Muna lafiya. Innarki ta ce ƙafa da sauƙi, ta kuma ce ranar da ta bar keke ke za ki riƙa aiko mata da kayan sawa.

Ga igiya nan na sa a cikin kunshin, gaba ɗaya cif. Na yi dariya har na gaji. Wato duk karatun nan da madubin hangen nesan da kuke leƙa sama da shi, ƙarshenta sai an dawo wurin Dogo mai igiya. Dama an ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Amma igiyarki ta same ni cikin ɓacin rai, kuma gara in faɗa miki da kaina. Kin san Gajere mai haƙar rijiya, wanda yake ɗaukar ki a wuya kina ƙarama. Shekara talatin ke nan duk rijiyar da ya haƙa da gabata ake faɗin zurfinta. In ya ce rijiyar wane gaba sha biyar ce, kowa ya san gabar Dogo yake nufi. To, zazzaɓi ya kwantar da shi, sai surukinsa da suke aiki tare yanzu ya zo sayen igiyar guga ta wata rijiya mai gaba sha tara. Ya sayi ashirin, na auna masa a gabansa, na yi masa gyara. Washegari da hantsi, layi cike da mutane, sai ga shi ya jefa mini igiyar a kan benci, wai guga ya tsaya yana lilo bai taɓa ruwa ba. Ya ce rijiya ta bayar, igiyar Dogo ta hana. Mutane suka yi dariya. Sai ya ƙara da cewa tauye awo nake yi.

Tsinke, ni ne mai tauye awo? Mutane suna tsallake shaguna huɗu su zo wurina domin gabata ta fi ta kowa. Ban tara dukiya ba, wannan sunan shi ne abin da na tara.

Maganar surukin ba ta ci mini rai kamar abin da ya biyo baya ba. Da Gajere ya ji sauƙi ya zo shan shayi, na ce masa a gaban jama'a ya faɗi gaskiya, ya taɓa ganin igiyata ta gaza? Wallahi sai mutumin nan ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofi. Na jira amsa, na sake jira. Daga nan na ce ya tashi mini daga benci, ya kuwa tashi. Tun ranar ba mu gaisa ba. In ya biyo layi sai in shiga ciki in yi kamar ina neman wuƙa.

Ciniki bai ragu sosai ba, amma na fara ganin wasu suna ƙirgawa da baki in ina aunawa, abin da ba a taɓa yi mini ba.

Ki lissafa ki gaya mini gaba nawa ne zuwa watan. In ba su da yawa sai in fara tara igiya.

Kawunki

*

Kawuna,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Kunshi ya iso lafiya. Da na buɗe, ƙanshin shago ya bugi hancina, na zauna na daɗe riƙe da igiyar kamar wata sakarya.

Labarin Baba Gajere ya dame ni ƙwarai. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, Kawu, kada ka yanke zumuncin shekara talatin a kan yini ɗaya.

Ga lissafinka. Kafin igiyarka ta iso na ƙagu, sai na tuna da wadda ka ɗaure mini akwati da ita ranar da zan taho karatu, shekara takwas da suka wuce. Ka ce mini gaba uku ce, in adana, ba a rasa amfanin igiya. Tana nan, ita nake shanya a kai. Na kwance ta na auna na raba uku, na samu gabarka ta kusa mita biyu. Da ita, zuwa wata gaba miliyan ɗari biyu ne, kusan cif, har abokan aikina suka ce kamar don kai aka ajiye watan a wurin. In za ka tsaya kana aunawa yadda ka saba, ba ci ba sha ba barci, sai ka shekara goma sha biyu da 'yan watanni kafin ka kai. Rana kuwa gaba biliyan saba'in da takwas ce, wannan sai dai jikokin jikoki. Haske, wanda ba abin da ya fi shi sauri, kafin ka ƙifta ido ka buɗe ya ci gabarka miliyoyi.

Ka gaya wa Inna labarin tauraruwar nan Zara, wadda take ce mini matar wata ce. Ko a lokacin da ta fi matsowa kusa da mu, nisanta ya ninka na wata sau ɗari. Ido ne kawai yake ganin su tare. Ki ji aure, Inna, miji na nan, mata na can bayan gari.

Sai dai akwai ɗan abin da ya ɗaure mini kai. Da na yi lissafi da sabuwar igiya, sai wata ya koma gaba miliyan ɗari biyu da goma sha uku. Wato ta fi tsohuwar gajarta da kamar faɗin tafin hannu da yatsa biyu. Wataƙila wuƙa ce ta zame, ko kana cikin ɓacin rai ka yanka. Don Allah in ka sami sarari ka sake auna wata a natse ka aiko mini, don in san wadda zan kafa.

'Yarka mai ƙaunarka,
Tsinke

*

Tsinke,

Muna lafiya. Takardarki ta iso, na karanta, na sake karantawa.

Har ke? Na kai miki kukana, ke kuma kika ɗauko mini sandar awo. Wuƙa ba ta taɓa zame mini ba, kuma ɓacin rai ba ya rage wa mutum hannu. Igiyar da aka shekara takwas ana rataya mata jiƙaƙƙun kaya dole ta miƙe, wannan ko ɗan koyo ya sani. Amma ke da kike da ilimi kin zaɓi ki gaskata igiyar shanya ki ƙaryata ni.

Ban sani ba ko surukin Gajere ya samo lambarki ne. In haka ne, ki gaya masa ya sami shaida daga cikin gida.

Ba zan sake auna komai ba. Ki nemi gabar wani mai gaskiya ki kafa a bangonku. Watan ma ya yi ta nisa, ban ce zan je ba.

Kawunki

*

'Yata Tsinke,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata kina cin abinci, don na san halinki in ranki ya ɓaci. Ni ce Innarki. Rubutuna kamar tafiyar kaza ne, ki yi haƙuri ki karanta a hankali. Ƙafa da sauƙi.

Takardu biyun da kika aiko bayan ya rubuto miki cikin fushi sun iso. Yana ajiye su a aljihun gaba ba ya buɗewa, in kin kira waya kuma ya ce in ce yana wanka. Mutumin da bai fi minti biyar a bayi ba, yanzu kullum yana wanka. Wata biyu ke nan gidan nan ba daɗi. Ga shi bai kula Gajere, ga shi bai kula ki, sai ni kaɗai ya rage masa, ni ma da gunaguni.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Igiyarki ba ta yi ƙarya ba. Shekara biyu da suka wuce ya hau tsani zai sauko da naɗin igiya daga saman kanta, tsani ya goce, ya faɗo a kan kafaɗar hagu. Ya hana a gaya miki don kina jarrabawa. Ya sha magani kwana kaɗan ya ce ya warke, ya ƙi komawa asibiti. Ciwo kam ya daina, amma hannun bai sake buɗewa kamar da ba. Yana kaiwa wani wuri sai ya tsaya, gwiwar hannun a ɗan lanƙwashe. Shi kuma a ransa ya buɗe har ƙarshe, domin nan ne ƙarshen da jikinsa yake gaya masa.

Ni na fara ganewa, don ni nake sa masa riga in ya yi sabon ɗinki. Tef ɗina na awo yana nan rataye a wuyana kullum, amma wa zai ɗora wa Dogo tef? Kin san a wurin sayen igiya na fara ganin sa. Ya buɗe hannayen nan kamar zai rungumi layin gaba ɗaya, na ce a raina wannan ko ba komai zai iya ɗauko mini abu daga saman kabad. Sau nawa na buɗe baki zan faɗa masa, sai in ga yadda yake miƙe ƙirji in zai auna, sai in ce bari sai gobe. Ban yi tunanin abin zai kai ga a ci masa mutunci a bainar jama'a ba.

Kada ki ɗauka ya tsane ki. Jiya na same shi a tsakar gida bayan magariba yana kallon wata, ya ce mini wai miliyan ɗari biyu, yarinyar nan da ƙarya take. Yana faɗa yana murmushi, da ya ga ina kallonsa sai ya haɗe rai.

Ni bakina ya yi nauyi, na daɗe ina shiru. Ke ce kika taɓo maganar, ke za ki ƙarasa. Ki rubuta masa ba kwana-kwana, ki sa a cikin takardata, ni zan karanta masa da ƙarfi yana cin abinci, lokacin da ba zai iya tashi ya bar kwano ba. Zai yi faɗa, ya daɗe bai yi ba. Abin da nake tsoro shi ne ya mutu yana gaba da Gajere, su biyun ba yara ba ne.

Innarki

*

Kawuna, uban da ya rene ni,

Ina gaishe ka. Na san Inna ce take karanta maka wannan, kuma na san hannunka yana cikin kwano. Ka ci gaba da ci, ka saurare ni.

Ban taɓa magana da surukin Baba Gajere ba, ban ma san fuskarsa ba. Kuma ban ce ka tauye awo ba. Wanda ya tauye awo ya san ya tauye. Kai ka ba kowa iyakar abin da hannunka ya kai, kamar yadda ka saba tun kafin a haife ni. Hannun ne ya daina kaiwa inda yake kaiwa, tun faɗuwar da kuka ɓoye mini. Wannan ma akwai shari'a tsakanina da ku, amma sai na zo.

A takardar da na aiko maka da lissafin wata na yi ta kewaye-kewaye da zancen wuƙa don ina jin nauyinka, shi ya sa ka fahimce ni a karkace. Yau ga shi a miƙe. Gabarka ta ragu da faɗin tafin hannu da yatsa biyu. A gaba ɗaya ba a gani. A gaba ashirin ya haura gaba guda, shi ya sa guga ya tsaya yana lilo. A tafiyar wata kuma ya zama gaba miliyan goma sha uku. Aikina ke nan kullum, Kawu, ɗan abin da ido ba ya gani in aka ninka shi da nisa sai ya zama dutse.

Ka ce igiyar shanya ta miƙe. Mai yiwuwa ta ɗan miƙe, ba zan yi musu da kai a kan igiya ba. Don haka ka bar igiyoyin duka biyu. Ka tuna wasan da kake yi mini in na kawo maka abinci daga gida, ka tsaya a ƙofar shago ka taɓa katakon dama da na hagu da kan yatsunka, ka ce ba mai wucewa sai ya biya kuɗin ƙofa, ni kuma in sulale ta ƙarƙashin hannunka. Ƙofa ba ta miƙewa. Ka je ka gwada, kai kaɗai, ba sai kowa ya gani ba.

Ko watan nan da muke ta aunawa ba a tsaye yake ba, kowace shekara yana ja da baya da kamar faɗin yatsa biyu. Ba wanda ya ce ya ci amana.

Ina tsoron fushinka, amma na fi tsoron ka ci gaba da ba mutane abin da kai kanka ba za ka yarda da shi ba in ka sani. Kai ka koya mini haka. Ina ƙaunarka, ko ka amsa ko ba ka amsa ba.

'Yarka,
Tsinke

*

Zuwa ga 'yata Tsinke,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya. Mu ma lafiya. Innarki ta karanta mini takardarki da murya kamar mai shela, har maƙwabta sun san ina da kafaɗa. Na yi faɗa, na bar abincin, na kwana uku ban ce mata komai ba sai "ina hulata".

A rana ta huɗu na riga kowa zuwa layi. Na buɗe shago, na tsaya a ƙofa, na buɗe hannu. Na dama ya taɓa katako. Na hagu ya tsaya a iska. Na matsa, na yunƙura, na ja numfashi, na sake gwadawa ta ɗaya gefen. Tsakanin yatsana da katakon nan kyanwa za ta iya wucewa. Na zauna a kan naɗin igiya na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Ba don hannun ba. Fuskokin mutane ne suka riƙa zuwa mini, masu ɗaure kaya a mota, matan da suka sayi ta shanya, mai raƙuman nan da yake zuwa sau ɗaya a shekara. Duk na sallame su ina ce musu su je su gwada da ta kowa.

Na yanki igiya gaba ashirin da biyu, na saɓa a kafaɗar kirki, na tafi gidan Gajere. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar diga. Ya ɗago ya dube ni, ya matsa mini a tabarma kamar jiya muka rabu. Na ajiye igiyar na ce ta surukinsa ce, kuma yaron ya yi gaskiya. Ya ce ya sani. Na ce tun yaushe. Ya ce tun rijiyar farko bayan na faɗo daga tsani. Wai tun daga lokacin in yana son ashirin sai ya ce mini ashirin da biyu, in yana son goma ya ce sha ɗaya. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi ne ya manta bai gaya wa surukin ya ƙara ba.

Na ce, "To, don me ka yi shiru ranar da na tambaye ka a gaban mutane?"

Ya ce, "In na ce yaron ya yi ƙarya, na yi ƙarya. In na ce ya yi gaskiya, na kashe ka a tsaye. Sai na ga gara ka kore ni daga benci, benci ai ana dawowa."

Tsinke, ni na ɗauka shirun nan cin amana ne. Wata uku ina ɓuya a bayan kanta don kada in gaisa da mutumin da ya shekara biyu yana sayen igiyar da ba ya bukata don kada in ji kunya. Sai na ce masa wawa ne shi, ya ce ai zama da ni ne ya jawo masa.

Washegari na tsaya a bakin shago na faɗa da bakina, duk wanda ya sayi igiya a wurina cikin shekara biyun nan ya zo ya karɓi cikonsa. Surukin Gajere na fara kira, na ba shi haƙuri a wurin da ya yi mini ihu, shi ma ya ba ni. Wasu sun zo sun karɓa, na ji daɗin haka. Amma tsofaffin abokan ciniki sai suka yi ta sosa ƙeya. Mai gyaran taya ya ce shi ma yana ƙarawa, mai kifi ya ce shi ma. Ashe rabin layin nan sun sani, ni kaɗai nake miƙe ƙirji. Mai raƙuma ne ban san inda zan same shi ba, na yanke nasa na rataye da ƙusa har ya zo.

Yanzu in na auna gaba sai in ƙara tafin hannu da yatsa biyu, a fili, kowa na gani. Aikin ya ƙara jinkiri, ki sake lissafin shekarun da zan yi kafin in kai wata. Gajere ya dawo bencinsa, kuma ya sa ni gaba sai mun je asibiti ranar Litinin a duba kafaɗar. Na ce ba inda za ni, ya ce ko rijiyar da ta fi ni taurin kai ya haƙe ta.

Ki yafe mini takardar da na rubuta miki. Kin tambayi wadda za ki kafa a bango. Ki kafa duka biyun, tsohuwar a sama, sabuwar a ƙasanta, kowace da lissafinta. In yaran suka tambaya don me ɗaya ta fi ɗaya, kada ki ce musu wuƙa ce ta zame. Ki ce musu duka biyun gabar mutum ɗaya ce, kuma yana nan da ransa yana sayar da igiya.

Innarki ta ce in gaya miki ki sayi wata igiyar shanyar, kada ki zauna da jiƙaƙƙun kaya.

Kawunki,
Dogo